Minti Ukun Lempi

Verna ta ɗaga faifan sama, ta karkatar da kai gefe, ta kanga madubin ƙara girman rubutu tsakaninsa da idonta na hagu, wanda shi ne mai ɗan dama-dama. Hasken taga ya bugi faifan ya watsa launuka a rufin kicin. Ta juya shi, ta sake juyawa. Gaba da baya duk ɗaya ne, sumul, babu hoto babu suna, sai wani ɗan rubutu da aka zagaye ramin tsakiya da shi, wanda ni kaina sai da na cire tabarau na mayar kafin na yarda cewa rubutu ne.

"Helmi, wane marar imani ne ya yi wannan aiki?" ta ce da ni. "Shirin tsofaffi, masu saye tsofaffi, sannan a yi rubutu kamar ƙafar tururuwa?"

"Kawo in gani."

"Kar ki taɓa cikin! Ta gefe ake riƙewa."

"Shekara talatin na yi a gidan waya ina riƙe wasiƙun mutane, Verna, ban taɓa ɓata ko ɗaya ba."

Yayana Reino, mijinta, yana zaune bakin murhu yana tsoma nisu, burodinmu mai zaƙi, cikin kofi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Faifai biyar, kowanne fuska biyu. Ku fara tun yanzu, wataƙila ku same ta kafin dusar ƙanƙara ta narke."

"Kai dai ci burodinka, tsoho."

Wadda muke nema Lempi ce, ƙanwar Verna. Lempi ta bar garinmu Calumet a 1958 da jaka ɗaya, ta tafi California wai za ta zama 'yar wasa. Shekara uku tana wanke kwanuka a gidajen abinci, sannan ta samu fitowa sau ɗaya tak a talabijin, na minti uku, a cikin shirin da ake kira Matakala Ta Ƙarshe. Duk wanda ya kai shekarunmu ya san shirin. Rabin sa'a ne, baƙi da fari, kowane mako da sabon labari da sababbin mutane. Wani dogon mutum zai sauko daga bene riƙe da fitila, ya tsaya a matakala ta ƙarshe ya ɗan yi bayani, daga nan a shiga: matar da ta gaji da mijinta, direban da ya ɗauki fasinjan da bai kamata ba, likitan da ke da ɗakin da ba a buɗewa. Kana zaune ka gama yanke hukuncin wane ne mugu, sai a minti biyun ƙarshe labarin ya juye maka.

Ranar da aka nuna na Lempi, wata Talata ce a watan Maris na 1961. Ta rubuto tun da wuri, ta ce a kalla, tana magana har sau shida. Gidan mahaifinsu ne kaɗai mai talabijin a layin, don haka layin gaba ɗaya ya kwaso kujeru ya zo. Hoton yana ta yayyafi, uban ya hau rufi cikin sanyi yana juya eriya, ana ƙwala masa kira daga taga, "Dama! Hagu! Tsaya haka!" Shi bai ga komai ba, bawan Allah. Da Lempi ta bayyana da farin gyale a gaba da butar kofi a hannu, sai ɗakin ya ɗauki ihu. Wannan na cewa ga ta, wancan na cewa dubi yadda suka yi mata da gashi, uwar ta fashe da kuka, wani ya ture fitila. Kafin a samu a yi shiru an wuce wurin. Mutum ashirin da wani abu suka gan ta, babu wanda ya ji ko kalma ɗaya daga bakinta. A wancan zamani kuwa abin da ya wuce a talabijin ya wuce ke nan.

Bayan shekara biyu ciwon huhu ya kashe Lempi a wani asibiti can. Ta yi kwana huɗu da rasuwa kafin labari ya iso, babu ko mutum ɗaya na gida a gefenta. Hotuna sun rage, wasiƙu sun rage. Murya babu.

Ni ina Detroit ina aiki a daren da aka nuna shirin, Reino yana ƙarƙashin ƙasa a ramin tagulla, waɗanda suka cika ɗakin kuma duk sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Verna kaɗai ta rage tana cewa ƙanwarta ta fito a talabijin. Abin haushin shi ne, shirin bai mutu ba. Tashoshi sun yi ta maimaita shi shekara da shekaru, sai dai kowace tasha takan yanke minti uku don ta cusa talla, kuma wurin da suke yankewa shi ne inda babu babban ɗan wasa yana wani abin kirki. Za ka ga mutumin labarin ya tsayar da mota gaban gidan abinci, ya kama ƙofa, sai tallar katifa. A dawo, ga shi yana fitowa yana goge baki. Da na'urar bidiyo ta zo, Verna ta ɗauki wannan labari a kaset sau bakwai daga tashoshi daban-daban, ko za a samu wadda ta manta ba ta yanke ba. Sau bakwai mutumin ya kama ƙofa, sau bakwai ya fito yana goge baki.

A neman Lempi ne shirin ya kama ta. Ta ɗauki sauran labaran ma, kaset ya cika kabad biyu, kowanne da sunansa a rubuce da hannunta. Ta haddace su, amma ba ta gajiya.

"Kin fa san wanda ya kashe shi," Reino yakan ce.

"Na sani mana. Shi ne bai sani ba. Yi mini shiru."

Ta taɓa ce mini abin da take so a shirin shi ne rabin sa'a ake yi a gama, a gaya maka yadda abu ya ƙare. Ta ce a duniya babu mai yi maka wannan.

Sai kuma Ardis Niemela. Ardis ce shugabar teburin kofi na mata a cocinmu tun kafin a canza rufin cocin, kuma ba ta taɓa ce wa Verna maƙaryaciya ba, ta fi ƙarfin haka. Sai dai ta miƙo mata sukari ta ce, "Verna, jiya ma an nuna naku. Na ga ƙofar. Ƙofa ce mai kyau ƙwarai." Matan su sunkuyar da kai cikin kofunansu. Na sha ganin kunnen Verna ya yi jawur a wannan tebur, kuma na sha jin kamar in juye wa Ardis butar a cinya.

Da wani kamfani ya fara fitar da shirin a faifan DVD, aka buga a jikin kwalin da manyan baƙaƙe cewa cikakke ne, ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Shekarar farko ta shirin ta fito, Verna ta saya. Ta biyu ta fito, ta saya. Na Lempi yana cikin ta uku. Sai kamfanin ya yi tsit har shekara biyu, wai kasuwa ba ta yi ba. Verna ta rubuta musu wasiƙa goma sha ɗaya, ni na kai su gidan waya da hannuna. Amsa ɗaya suka aiko, ta gode wa "Malam Vernon" da ƙaunar da yake yi wa kayansu.

A cikin wannan jira ne likitan ido a Marquette ya gaya mata cewa tsakiyar ganinta na tafiya kuma ba ya dawowa. Gefe-gefe tana gani, amma duk abin da ta dube shi kai tsaye sai ya zama tabo mai toka-toka. Fuskar mutane ce ta fara ɓace mata. A mota muna dawowa na fara lallashinta, ta katse ni.

"Fuskarta na san ta, Helmi. Na kalli hotunan nan har na huda su. Murya nake nema." Muka wuce gada, ta ci gaba. "Na san a shaƙe take kamar mai mura. Na san mai koyar da waƙa a coci ya mayar da ita layin baya, daga baya ya roƙe ta ta riƙa raba littattafai kawai. Duk na san wannan. Amma in na rufe ido ba na jin ta. Ta fita daga kaina."

To, ga kwalin shekara ta uku ya iso ranar Asabar, ga mu a kicin muna fama da rubutun tururuwa. Sai wajen azahar na gano shi: faifai na uku, fuska ta biyu, labari mai suna Jakar Baƙo.

"Tashi mu saka," na ce.

"A'a. Gobe bayan coci."

"Verna, shekara arba'in da uku kina jira. Mu kalla mu biyu, a natse. In ya so gobe ki kira duk wanda kike so."

"Ardis za ta zauna a kujerar gaba," ta ce, tana mayar da faifan cikin kwali. "Tare za mu gani, don kar ta ce na haɗa da hannuna."

Na dubi Reino ko zai sa baki. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da tauna. Taurin kan Verna ba yau ya fara ba, kuma na rantse da ta ji maganata da abin ya zo mata da sauƙi.

Ranar Lahadi mata shida suka cika falon, takalman ƙanƙararsu jere a bakin ƙofa suna ɗiga. Verna ta toya nisu uku, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Ta jawo kujerarta dab da talabijin, ta zauna a karkace don ta samu gefen ido. Ardis na gefenta da jaka a cinya kamar wadda ta zo shari'a. Ni aka ba rimot.

Wannan rimot, Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera shi. Maɓalli ya fi arba'in, duk girmansu ɗaya, duk launinsu ɗaya. Na saka faifan, aka fara da gargaɗin hukuma kan satar fasaha, na danna a wuce, na'ura ta ce ba a wucewa. Aka kawo tallar wasu faifan, ita ma ba a wucewa. Da ƙyar muka kai jerin labarai, na duba sama da ƙasa babu Jakar Baƙo.

"Wataƙila shi ma sun yanke shi," in ji Ardis, a hankali.

"Fuskar ce ba ita ba," na ce. "Juyawa za a yi."

Na juya. Gargaɗin hukuma ya dawo daga farko, tallar ta dawo daga farko. Matar fasto ta fara ba da labarin ciwon gwiwarta. Verna na ta murza bakin rigarta da yatsu.

Daga ƙarshe dogon mutumin ya sauko da fitilarsa. Hoton ya fito tas, ba yayyafi ba rawa, har ɗigon ruwa kana gani a gilashin mota. Ga baƙon cikin rigar ruwa, ga jakarsa mai nauyi a kujerar baya wadda yake ta waiwaya yana dubawa. Ya yi ta tuƙi cikin ruwan sama. Ya tsaya gaban gidan abinci. Ya fito da jakar, ya kama ƙofa. Verna ta laluba ta damƙe wuyan hannuna har sai da na ji zafi.

Ƙofar ta buɗe, muka bi shi ciki.

Tana bayan kanta tana goge kofi, 'yar shekara ashirin da huɗu, da wannan faffaɗan goshi na gidansu, gidan Kemppainen, da babu mai iya ɓoye shi. Ta juyo.

"Wayyo Allah, Lempi ce!" Ardis ce ta fara, da ƙarfinta, har jakarta ta faɗi. "Ita ce! Ku dubi haɓarta!"

Sai falo ya kaure. Wannan na cewa sak uwarta, waccan na cewa ashe haka take da kyau, matar fasto na tafi, Reino ya leƙo daga kicin yana tambayar ina take. Bakin Lempi na motsi a talabijin, babu mai jin komai.

Verna ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, ko ranar da Reino ya shiga da mota cikin shingenta.

"Ku yi mini shiru! Shiru na ce! Haka iyayenku suka yi mini, ku ma za ku yi? Duk wadda ta sake buɗe baki ta ɗauki takalminta!"

Tsit. Har ƙarar agogon bango ana ji.

"Helmi, mayar da shi baya."

Na mayar, na dawo da mutumin bakin ƙofa. Wannan karon ko tari babu wadda ta yi. Verna ta rufe ido, ta juya kunnenta wajen talabijin. Ƙofa ta buɗe, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, Lempi ta juyo ta buɗe baki.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Ruwan nan bai da niyyar tsayawa. Kofi zan kawo?"

Siririyar murya ce, mai santsi, kowace kalma a goge, irin ta matan da ke karanta talla a rediyo. Babu shaƙewa a cikinta. Babu wannan nauyi da mu mutanen nan muke dannawa a farkon kowace kalma, wanda ko a Detroit da na buɗe baki ake tambayata daga wane daji na fito.

Verna ta buɗe ido. "Wace ce wannan?"

"Lempi mana," in ji Ardis.

"Wace ce ke magana, na ce?"

Na matsa kusa na zuba wa bakin ido. Muryar ta gama cewa kofi zan kawo, leɓen Lempi bai gama ba, ya ƙara motsi sau biyu a banza. Baƙon ya ce a kawo, muryar ta sake magana, wani abu game da kek ɗin tuffa, nan ma baki daban murya daban.

"Tsayar," in ji Verna. "Tsayar da shi, Helmi."

Na tsayar. Lempi ta daskare da buta a hannu.

Ardis ta gyara zama, ta share maƙogwaro. In faɗi gaskiya, ta yi abin da ban zaci za ta iya ba. "Verna," ta ce, "a gaban kowa nake faɗa. Shekaru ina tsokanarki a kan abin da yake gaskiya. Ki yafe mini. Ga Lempi nan, kowa ya gani."

"Ba ita ba ce."

"Haba Verna, ga goshinta, ga..."

"Na ce ba ita ba ce! Ni ina ruwana da goshi? Ganin goshin nake?"

Kun ji fa. Shekara arba'in Verna na cewa ita ce Ardis na cewa ba ita ba, yau Ardis na rantsuwa ita ce Verna na cewa ba ita ba. Da ba don abin kuka ba ne da na yi dariya.

Na jawo ɗan littafin da ya zo cikin kwalin, na karɓi madubin Verna, na bi layi-layi har na kai Jakar Baƙo. A can ƙasa aka rubuta cewa mai hidimar gidan abinci wata ce Lorna Kemp, sunan da suka yanka wa Lempi Kemppainen ke nan, kuma wannan ce fitowarta kaɗai. Sai layi na ƙarshe: kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya ce harshenta na 'yan can arewa ne, masu kallo ba za su gane ba, don haka aka sa wata 'yar wasa ta sake faɗin maganganunta kafin a nuna. Na karanta a fili, don ban ga amfanin ɓoyewa ba.

"Ke nan ko a 1961," matar fasto ta fara, sai ta kama bakinta.

"Ko da mun yi shiru," in ji Verna. "Eh. Na gane."

Ba a daɗe ba matan suka fara neman takalma. Verna ta naɗe wa kowacce nisu a takarda, ta raka su bakin ƙofa, ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya da muryar da ba ta da gishiri. Ardis ta so ta rungume ta, ta ba ta kafaɗa. Da ƙofa ta rufe ta wuce kicin ta tara kofunan Kirsimeti a wurin wanki, ta sakar musu ruwa, tana wanke su kamar da su ta yi faɗa.

"Ki tafi da shi gidanki," ta ce, ba ta juyo ba. "Da kwalin, da kaset ɗin, duka. Ko ki zuba a murhun sauna, ɗakin wankan tururinki."

"Verna."

"Sau shida, Helmi. Ta rubuto da hannunta, ina magana har sau shida. Ta zauna a ɗakinta can ta kunna talabijin ta ji wata tana magana da bakinta, kuma ba ta taɓa gaya mana ba. Ni kuma na rubuta mata cewa ta yi magana da kyau, kowa ya yaba. Ƙarya na yi mata, ta san ƙarya ce, ta yi shiru."

Haushi ya cika ni har wuya, na wanda ya zauna a ofis ya saurari yarinya ya ce ba za a gane ta ba, da na kamfanin da ya buga cikakke a jikin kwali, da na kaina da na karanta mata layin nan a gaban Ardis. Na ɗauki tawul na fara goge kofuna.

Reino kuwa ya lallaɓa falo. Shi har yanzu bai ga ƙanwar matarsa a talabijin da kyau ba, don haka ya ɗauki rimot, abin da aka hana shi tun ranar da aka kawo na'urar. Muna ji ya danna wannan ya danna wancan yana gunaguni. Can sai wata murya ta cika gidan, ta namiji, mai jin kanta. Ashe ya taɓo maɓallin da ke kunna sharhin wani malamin jami'a, wanda aka ɗora a kan labarin yana surutu tun daga farko har ƙarshe.

"Tsoho, kashe wannan abin!" Verna ta ƙwala masa.

"Ina neman inda ake kashewa!"

Malamin yana ta zuba. Ya yi maganar haske, ya yi maganar inuwar jakar a bango. Sannan ya ce, "Yanzu ku kasa kunne. Duk maganar yarinyar nan an sake ta da muryar wata, ban da abu ɗaya. Mai shirya wasan ya ce a bar wannan jan numfashi yadda aka ɗauke shi, don wadda ta maye gurbinta ta gwada sau goma ta kasa. Ku ji tsoro tsantsa. A nan ne ta fahimci abin da ke cikin jakar."

Ya yi shiru. Sai wani ɗan sauti ya fito, gajere, a shaƙe, na iskar da aka ja ciki.

Kofin da ke hannun Verna ya zame cikin ruwa.

Mu nan, in za mu ce eh, ba kullum muke fitar da ita waje ba. Sau da yawa ciki muke jan ta tare da numfashi, joo, yadda kakanninmu suka zo da ita daga Finland. Baƙo yakan zaci firgita muka yi. Akwai sabon likitan da ya taɓa rubuta wa mahaifiyata maganin asma saboda ta amsa masa tambaya uku a jere.

Verna ta fito falo hannunta na ɗigar kumfa a kan kafet.

"Tsoro?" ta ce wa talabijin. "Wane tsoro, sakarai? Yarinyar da ta kori beyar daga kwandon shara da tsintsiya? Eh ta ce! Eh kawai ta ce, kamar yadda Mama ke cewa!" Ta juyo wajena. "Helmi, karɓe rimot ɗin nan daga hannunsa. Ki kashe mini wannan mai surutun."

Na karɓa. Sai da na kashe hoton gaba ɗaya, na sake kunnawa, muka sake zama cikin gargaɗin hukuma da talla, kafin malamin ya rabu da mu. Na bi a hankali har na kai wurin, dab da ƙarshen minti ukun, inda ba mu kai ba ɗazu. Verna ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta manna kunne a jikin inda sauti ke fita.

Joo.

Ita ce. Ni ma na ji ta, da shaƙewar da komai, kamar tana tsaye a bayan coci tana raba littattafai.

"Shekara arba'in da uku," in ji Verna, "eh ɗaya suka bar mini. Sake."

Na sake. Na koyi daidai inda zan tsaya, daƙiƙa biyu baya, in saki. Na yi mata sau biyar, sau shida. Reino ya zauna a hannun kujera ya cire hularsa ya riƙe. Waje ya fara duhu, irin na hunturu da ke zuwa tun ƙarfe huɗu, babu wanda ya tashi ya kunna fitila.

"Ƙara baya kaɗan," ta ce. "In ji me take amsawa."

Ni na riga na ji, tun lokacin da nake neman wurin. Na tsaya da yatsa a kan maɓalli.

"Helmi."

Na mayar. Baƙon ya ajiye kofinsa, ya dubi kujerun da babu kowa, ya dubi ruwan da ke zuba a taga, sannan ya dube ta.

"Ke kaɗai ce a nan?" ya ce.

Lempi ta amsa masa.

Verna ta daɗe a durƙushe, kunnenta a jikin talabijin, labarin ya ci gaba, mutumin ya fita yana goge baki. Na jira ta ce in sake. Ba ta ce ba. Ta miƙo hannu, Reino ya kama ya ɗaga ta.